Hagu ko dama? Tambayar da muke jin nauyin yi wa likita



Yau maganar asibiti zan yi, kuma na san wasu za su ce na taɓo inda ba a taɓawa. Akwai kalmomi biyu da muke rufe bakin kowa da su idan aka yi mana ɓarna a ɗakin tiyata. Ta farko "ƙaddara ce", ta biyu "mun yafe". Ni dai ban musa ƙaddara ba, kuma ban raina yafiya ba. Abin da nake so in faɗa shi ne, saurin da muke yi wajen furta su, tun kafin a yi mana bayanin abin da ya faru, yana cikin dalilan da suka sa ɓarnar take sake faɗawa kan wani bawan Allah. Kuma mu da muka baro garuruwanmu muka zauna a nan, daga Maraɗi ne ko Damagaram, daga zangon Kumasi ne ko Garwa, mun fi kowa saurin yin shiru.

Waɗanda suka daɗe a garin nan za su tuna abin da ya faru a shekarar 2012. An yi wa wani matashi aiki a wani asibiti mai zaman kansa a cikin garin Bauchi, da jikinsa ya rikice aka kai shi babban asibiti, sai aka tarar babu ƙoda ko ɗaya a cikinsa. Aka kama likitan da wani ma'aikacin jinya, aka gurfanar da su a kotu, jaridu suka yi ta bugawa. Bayan shekara 4, a 2016, irin wannan ta sake faruwa a Jimeta ta jihar Adamawa, inda aka cire wa wani matashi makiyayi ƙodojinsa biyu a wani asibitin kuɗi. Ya rayu na ɗan lokaci da wankin ƙoda, daga baya ya rasu, kuma kotun ladabtar da likitoci ta soke sunan likitan daga rajista.

A duk lokacin da irin wannan labari ya fito, kafin la'asar an gama yanke hukunci a majalisun Wunti da kasuwar Muda Lawal: ai sayar da ƙodar aka yi. To, ban ce ba a cinikin sassan jikin mutum a duniya ba, ana yi. Amma ƙoda ba tsokar nama ba ce da za a naɗe a leda a kai wa mai saye. Sai an yi gwajin jinin mai bayarwa da na mai karɓa an ga sun dace, sai an adana ta cikin sanyi da ruwan magani na musamman, sai kuma an dasa ta cikin ƙayyadadden lokaci a asibitin da ke da kayan aikin. Labarin sata yana da daɗin bayarwa, shi ya sa yake danne wanda ya fi shi yawa kuma ya fi kusa da kowannenmu, wato kuskure. A yanka ɓangaren da ba shi ne ke ciwo ba. A yi wa wani aikin da wani daban ya kamata a yi wa. A rufe ciki an manta da wani abu a ciki. Ko a watan Janairun 2026 sai da Kano ta ɗauka, lokacin da wata uwa ta rasu bayan ta yi watanni tana kukan ciwon ciki, ashe almakashi aka bari a cikinta tun aikin da aka yi mata a wani asibitin gwamnatin jihar. Hukumar kula da asibitoci ta Kano ta amsa cewa hakan ya faru, ta dakatar da ma'aikata 3.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon ƙasashen talakawa ne kawai. A 1995, a birnin Tampa na jihar Fulorida ta Amurka, an shiga da wani mai ciwon suga za a yanke masa ƙafa, aka yanke ɗayar. Da aka bincika sai aka ga kuskuren ya riga likitan shiga ɗaki: a jadawalin aiki an rubuta ƙafar da ba ita ba, a allon ɗakin tiyata ma haka, kuma ita aka wanke aka shirya. An biya mutumin diyya da ta haura dala miliyan 1, aka ci likitan tara aka dakatar da shi wata 6.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na yankin Wales a Birtaniya, a watan Janairun 2000. Wani dattijo tsohon soja ƙodarsa ta dama ta lalace, ta hagu kuwa lafiyarta ƙalau. Aka rubuta hagu a takardar shigar da shi, aka kafa hoton cikinsa a baibai, aka cire mai lafiyar. A cikin ɗakin akwai wata ɗaliba mai koyon aikin likita da ta lura, ta yi magana, ba a saurare ta ba. Dattijon ya rasu bayan mako 5. Ku duba fa, a ɗakin akwai mai idon da ya ga gaskiya. Abin da aka rasa shi ne tsarin da zai tilasta wa babba ya tsaya ya saurari ƙarami. To idan haka ta faru a ƙasar da ɗalibi ke kiran malaminsa da sunansa, yaya ke nan a wurinmu, inda nas ba ta iya ɗaga ido ta kalli babban likita, balle ɗan ƙauyen da ke kwance a kan gado?

Irin waɗannan ne suka sa hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta wajabta wata ƙa'ida a 2004: a tabbatar da mutum, a yi alama a inda za a yanka, a tsaya a sake tabbatarwa kafin a sa wuƙa. A 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda mai shafi ɗaya, mai tambayoyi 19, wadda wani likitan fiɗa mai suna Atul Gawande ya jagoranci tsara ta. Ba wani abin mamaki a cikinta. An kasa ta gida uku. Kafin a yi wa mutum allurar barci, a tambaye shi da bakinsa: wane ne kai, wane aiki za a yi maka, a ina, ka yarda? An sa alama a wurin? Akwai maganin da jikinka ba ya so? Idan ana tsoron zubar jini da yawa, an tanadi jini? Kafin a tsaga fata, kowa a ɗakin ya dakata, ya faɗi sunansa da aikinsa, a sake faɗin sunan maras lafiya da wurin da za a yanka da ƙarfi kowa ya ji, a tabbatar hoton da aka kafa nasa ne. Kafin a fitar da shi kuma, a ƙirga almakashi da allurai da audugar goge jini, a ga adadin da aka shigo da shi ya cika, a rubuta suna a jikin duk abin da aka ciro za a kai gwaji.

An gwada wannan takarda a asibitoci 8 na ƙasashe 8, aka buga sakamakon a 2009. Mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa kashi 0.8, matsalolin da ke biyo bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa kashi 7. Ɗaya daga cikin asibitocin nan yana Ifakara, wani gari a karkarar Tanzaniya, saboda haka kada wani ya ce mana wannan sai Landan. Takardar ba ta cin wuta, ba ta jiran janareto, ba a shigo da ita da dala. Biro ne da baki da minti biyu ko uku.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a sani. A lardin Ontariyo na Kanada gwamnati ta wajabta wa asibitoci amfani da takardar, da masu bincike suka duba asibitoci 101 suka buga abin da suka gani a 2014, ba su sami wani canjin a zo a gani ba. Abin da masana da yawa suka fahimta shi ne, idan takardar ta zama ta cikewa kawai, a yi mata 'yan alamomi a jefa a fayil, to ba ta hana komai. Amfaninta yana ga tsayawar da ake yi da maganar da ake furtawa. Mu kuwa mun san halin takarda a ƙasar nan. Don haka idan aka ce mini wani asibiti a Bauchi yana da wannan takarda manne a bango, zan ce madalla, amma tambayata ita ce ko ana karanta ta da baki maras lafiya yana ji.

Yanzu bari in dawo kanmu, don akwai abubuwan da suka sa haɗarin ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Na farko sunayenmu. Shiga ɗakin maza na kowane babban asibiti a garin nan ka kira Muhammad Sani ko Abubakar Usman, ka ga mutum nawa za su ɗago kai. A ɗakin mata ka kira A'isha Muhammad. Turawa suna bambance mutane da ranar haihuwa, mu kuwa da yawanmu ba mu da ita, wanda ma yake da ita sau da yawa 1 ga Janairu aka rubuta masa. Ga waɗanda suka zo da takardun Nijar ko Kamaru abin ya ƙara cakuɗewa: a katin gida Mahamadou ne da rubutun Faransanci, a katin asibiti Muhammadu, a takardar hoto Mamman, a gida kuma Ɗan Tawa ake kiransa. Mutum ɗaya suna huɗu. Sannan ga wata ɗabi'a da muke ɗauka wayo ce, ta aron kati. Don kada a biya kuɗin buɗe sabon fayil, sai a kai ƙane da katin wansa, ko amarya da katin uwargida. 'Yan uwa, wannan wasa da rai ne. A cikin fayil ɗin nan akwai rukunin jinin wani, da sakamakon gwajin wani, da hoton cikin wani.

Na biyu harshe. Ba kowane likita da ke aiki a Bauchi ke jin Hausa sosai ba, musamman masu bautar ƙasa da waɗanda aka turo daga kudu, kuma ba kowane tsohonmu ke jin Turanci ba. Sai a jawo duk wanda ke kusa ya yi tafinta. Likita yana fuskantar maras lafiya, damarsa ita ce hagun mai ciwo. Tsoho ya ce "wannan ɓangaren", ya nuna da haɓa, tafinta ya juya, a rubuta harafi ɗaya a takarda, L ko R, da irin rubutun likitoci da sai su kaɗai ke iya karantawa. Daga wannan harafi ɗaya sai wuƙa. Ido biyu ne, ƙoda biyu ce, ƙaba tana fitowa dama ko hagu, kuma idan mutum ya kwanta sau da yawa kumburin ƙabar yakan koma ciki, ba a ganin komai daga waje.

Na uku, wanda ya fi duka, kunya da jin kai baƙo ne. Mutum yana ganin alfarma aka yi masa da aka ba shi gado, yana tsoron kada a ce ya cika tambaya, ko a tambaye shi takardar zama, ko a ɗage masa ranar aiki. Sai a miƙo masa takardar amincewa da Turanci, ya dangwala yatsa bai san abin da ke ciki ba. Alhali tun 2014 Najeriya take da dokar lafiya ta ƙasa da ta ce a yi wa maras lafiya bayanin ciwonsa da hanyoyin magani da haɗarinsu ta yadda zai fahimta. A 2018 kuma aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin maras lafiya, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ne ya ƙaddamar. Maras lafiya aka ce, ba a ware ɗan ƙasa da baƙo ba.

To me ya rage mana? Ni a ganina, duk wanda za a yi wa aiki, ko mai jinyarsa, kada ya bari a tura gadon nan sai ya yi abu uku. Ya sa a karanta masa sunan da ke jikin fayil da lambar katinsa. Ya sa likitan da zai yi aikin, shi da kansa, ya faɗa masa aikin da za a yi da ɓangaren da za a yi. Sannan ya roƙi a zana alama da alƙalamin da ba ya gogewa a daidai wurin, yana farke yana kallo, ya ɗora hannunsa a kai ya ce nan ne. Idan nas uku suka tambaye ka sunanka ɗaya bayan ɗaya, kada ka ji haushi ka ce ba su san aikinsu ba, wannan shi ne aikin. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne wurin da ba wanda ya tambaye ka komai. Kuma a riƙa ajiye kwafin duk takardar hoto da ta gwaji da rasit, yanzu da kowa ke da waya ai ɗaukar hotonsu ba wuya.

Ba na so a karanta wannan a ɗauka yaƙi na zo yi da likitoci. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Asibitin Ƙwararru ya ga yadda suke kwana a tsaye, mutum ɗaya yana aikin mutum biyar, abokan karatunsa sun tafi Saudiyya da Ingila. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, aka buga a 2018, ya duba mutum fiye da 11,000 da aka yi wa tiyata, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan aiki a nahiyarmu ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu, duk da cewa majinyatanmu sun fi ƙuruciya. Babban dalilin da masu binciken suka nuna shi ne ƙarancin ma'aikata da kayan lura da mutum bayan an fito da shi. Amma wannan hujja ce a kan buƙatar takardar. Wanda ya yi barci ya ƙoshi yana iya tuna komai da ka. Wanda ya shiga aiki na shida da ƙarfe 3 na dare shi ne ke buƙatar wani ya ce masa, likita dakata, hagu ne ko dama? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, don shi ma rufin asirinsa ne.

Sai maganar da ta fi nauyi, wato bayan ɓarna ta riga ta auku. Mun san yadda abin yake tafiya. Za a turo manya, a zo da limamin unguwa, a yi ta'aziyya ko jaje, a yafe wa iyali ragowar kuɗin asibiti, wataƙila a haɗa da buhun shinkafa. Wani dattijo ya ce likita ba ya kashewa, kwana ne ya ƙare. Kafin sadakar uku an ce an yafe. Matar da aka bari da 'ya'ya biyar ba a tambaye ta ba, marayun kuwa ba su kai a tambaye su ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke jingina wannan ga addini, alhali littattafan da muke karantawa a zaure sun faɗi akasin haka. Duk wanda ya sauke Risala ya wuce ta babin diyya. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma asalinta a kan kisan kuskure aka sa ta, wanda ba a yi niyya ba. Dinari 1,000 a ma'aunin yau ya haura kilo 4 na zinariya, kowa ya je ya tambayi farashin giram a kasuwa ya yi lissafi. Hannu ɗaya rabin diyya, ƙafa ɗaya rabi, ido ɗaya rabi, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. A mazhabar Malikiyya kuma, wadda muke bi daga nan har Agadas, idan mai ido ɗaya aka lalata masa mai ganin, cikakkiyar diyya ake biya, domin ganinsa duka aka ɗauke. Ku auna wannan da mutumin da aka cire masa ƙoda mai lafiya aka bar masa matacciya. Malamai ba su manta da likita ba ma. Ibn Rushd ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan likita idan ya yi kuskure diyya ta hau, kuma akwai hadisi a Abu Dawud da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin ba. Waɗannan malamai sun fi mu imani da ƙaddara, amma ba su ga ta hana biyan haƙƙi ba. Yafiya tana da lada mai yawa, sai dai mai haƙƙi ne ke yafewa, bayan ya san abin da aka yi masa da abin da ya cancanta. Kawu ba shi da ikon yafe rabon maraya.

Akwai ma wata hikima a tsarin da nake ganin ta dace da zamaninmu. Diyyar kuskure ba a kan mutum ɗaya take sauka ba, danginsa na wajen uba ne ke haɗuwa su biya a hankali. Ma'ana ba a so a talauta wanda ya yi kuskure, kuma ba a so a bar wanda aka cuta hannu wofi. A yau abin da ya fi kama da wannan shi ne asibitin da ya ɗauki likitan aiki, da inshorar da likitoci da asibitoci ke yi don irin wannan rana. Asibitin da ya san kuskure ɗaya zai ci masa miliyoyi, shi ne zai sa a ƙirga almakashi sau biyu. Wanda ya san buhun shinkafa ya ishe shi, me zai sa ya damu?

Hanyar kotu dai ba ta da sauƙi, gara a faɗa wa juna gaskiya. Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa a Abuja, ana kai ƙara da takardar rantsuwa. Tana iya jan kunnen likita, ko ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa, amma ba ta yanke diyya. Diyya sai kotu, ko sulhun da aka rubuta aka sa hannu. A kotu kuwa mai ƙara ne zai tabbatar an yi sakaci. Akwai shari'ar da ta kai Kotun Ƙoli a 2006, ta wata mata da aka bar guntun allura a cikinta bayan aiki a asibitin koyarwa na Benin. Asibitin bai musa cewa allurar ta karye a ciki ba, amma matar ta faɗi tun daga kotun farko har ta ƙarshe, kuma cikin dalilan akwai rashin likitan da zai ba da shaida a ɓangarenta. Samun likitan da zai tsaya ya ba da shaida a kan ɗan uwansa likita, wannan kowa ya san wuyarsa. Sannan ga wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba: akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati da ta ce a shigar da ƙara cikin wata 3, kuma lauyoyin asibitocin gwamnati sukan fake da ita. Wata 3 fa. Mace ba ta ma fita takaba ba lokaci ya wuce. Shi ya sa "bari a gama zaman makoki tukuna" take kashe ƙara tun ba a shigar ba.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnatin tarayya, akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a, akwai ta kare haƙƙin ɗan Adam, duk suna da ofis a manyan biranen jihohi. A asibitocin tarayya akwai teburin SERVICOM na karɓar ƙorafi, na jiha kuma suna ƙarƙashin hukumar kula da asibitoci. Ban ce duk wanda ya je zai dawo da dariya ba. Amma ƙorafin da aka rubuta aka buga masa hatimi yana nan a fayil, wanda aka yi a bakin masallaci kuwa iska ce ke tafiya da shi. Abu na farko da za a nema, tun ranar da aka ga alamar matsala, shi ne rahoton asibiti a rubuce, kafin fayil ya yi ƙafa.

Ɗan gari idan abu ya same shi yana da ɗan uwa a sakatariya, ko abokin karatu lauya, ko surukin da ya san kwamishina. Mu abin da muke da shi shi ne junanmu. Ƙungiyoyinmu na mazauna suna tara kuɗin biki da na suna, suna tara na kai gawa gida, wanda duk abu ne mai kyau. Shawarata ga shugabanninmu ita ce a ƙara abu biyu a kai. A ware mutum biyu ko uku masu jin Turanci da Hausa, namiji da mace, waɗanda duk ɗan ƙungiyar da za a yi wa tiyata za a kira ɗayansu ya raka shi ranar sa hannu, ya karanta masa takardar, ya tsaya har a zana alamar. Sannan a nemi lauya ɗaya a garin nan a yi magana da shi tun babu abin da ya faru, a ajiye lambarsa wurin sakatare, kuma a yi ƙa'ida cewa babu dattijon da zai furta yafiya da sunan iyali sai an zauna da matar da magadan an gaya musu abin da shari'a da doka suka ba su.

Wanda yake da ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu da ke aikin jinya a nan Bauchi ko Azare, ina so in ji ko ana karanta tambayoyin nan 19 da baki a ɗakunan da kuke aiki, da kuma wanda ke karanta su.